Yadda Ake Kwatanta Gidajen Reza Na Ƙarfe Marar Tsatsa Kafin A Zaɓi Wanda Ya Dace Da Fuska

Gidan reza shi ne abin askin nan mai kai da mariƙi, wanda ake kwancewa a saka masa reza mai baki biyu, sannan a ɗaure, ta yadda ɗan kaifin rezar ne kawai yake leƙowa ya taɓa fata. King Camp Gillette ya samu takardar mallakar wannan fasaha a Amurka a shekarar 1904, kuma siffar rezar da ake sakawa a ciki ta daɗe da zama iri ɗaya a duniya, har ya zamana rezar da aka ƙera a Japan tana shiga gidan da aka ƙera a Jamus ba tare da wata matsala ba. Tunda rezar ɗaya ce, duk bambancin da mai aski zai ji a fuskarsa tsakanin wannan gida da wancan yana fitowa ne daga yadda kowannensu yake riƙe ta, da yawan kaifin da yake bari ya kai ga fata.

Na fara da wannan ne saboda masu saye da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ce gida na ƙarfe marar tsatsa ne, to askinsa zai fi na sauran santsi da daɗi. A ganina ƙarfen yana da muhimmanci ƙwarai wajen shekarun da gidan zai yi a hannunka, amma abin da fuskarka za ta ji da safe ya rataya ne a kan ƙirar kan, kuma gidaje biyu da aka yi da ƙarfe iri ɗaya suna iya shan bamban matuƙa wajen aski. Matakan da ke tafe suna bin tsarin da ya kamata a bi wajen kwatantawa, daga fuskar mai aski zuwa ƙarfe, zuwa ƙirar kai, zuwa gwaji.

Mataki na farko: ka san gashinka da fatarka

Ka bar gashin fuskarka ya yi kwana biyu ko uku ba a taɓa shi ba, sannan ka shafa yatsu a kansa ta kowace fuska. Ɓangaren da ka ji laushi shi ne inda gashin ya kwanta, wanda ka ji kaushi kuma shi ne saɓanin kwanciyarsa. A kunci yawanci gashi ƙasa yake kallo, amma a wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi yakan karkata gefe, wani lokaci ma ya kalli sama ko ya yi zagaye, kuma a nan ne galibin zafi da ƙuraje suke fitowa. Ka riƙe wannan taswira a zuciyarka, domin ba za ka iya yi wa kowane gidan reza adalci a gwaji ba idan kana jan sa ba tare da sanin inda gashin ya dosa ba.

Daga nan sai ka amsa wa kanka tambayoyi uku: gashin mai kauri ne ko siriri, miƙaƙƙe ne ko mai nannaɗewa, kuma sau nawa kake aski a mako. Mai siririn gashi da yake aski kullum yana buƙatar gida mai sanyin ci, wanda kuwa yake barin gashi mai kauri ya yi kwana huɗu ko biyar zai gaji da irin wannan gida, domin zai ta maimaita ja a wuri ɗaya har fatar ta fara zafi.

Mai gashi mai nannaɗewa yana da wani abin lura na daban, kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci. Idan aka yanke irin wannan gashi ƙasa sosai, tsininsa yakan lanƙwaso ya soki fata, ko ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta, shi ne abin da yake haifar da ƙurajen aski da baƙin tabon da suke bari. Abin aski mai baki uku ko biyar yana ƙara wannan matsala, saboda bakin farko yana jan gashin sama na biyu kuma ya yanke shi, sai guntun ya koma ƙasa da saman fata. Rezar da ke cikin gidan reza kuwa, da yake bakinta ɗaya ne kawai yake taɓa fata a kowane ja, tana yanke gashi ne daidai da fata, shi ya sa mutane da yawa masu wannan matsala suke samun sauƙi da ita. Amma sauƙin yakan gushe idan mutum ya sayi gida mai zafin ci ya dinga bin gashin ta saɓanin kwanciyarsa yana neman santsi irin na madubi. Ga irin wannan fata, askin da ya yi kyau shi ne wanda ido ba ya ganin gashi, ko da yatsa zai ɗan ji kaushi idan aka shafa sama.

Mataki na biyu: ka tabbatar da ƙarfen

Ƙyalli ba shaida ba ne. Yawancin gidajen reza masu sheƙi da aka fi sani, irin su Merkur 34C da Edwin Jagger DE89 da Mühle R89, kawunansu an zuba su ne da wani gami na tutiya da ake kira zamak, aka lulluɓe shi da wani ƙarfe mai sheƙi da ake kira kuromiyam. Gidaje ne masu kyawun aski, kuma ban ga dalilin raina su ba, sai dai idan rufin kuromiyam ɗin ya tsage ruwa ya shiga, tutiyar da ke ciki takan fara rubewa, kuma wurin da ya fi saurin mutuwa shi ne sukurun da ke haɗa murfi da mariƙi. Faɗuwa ɗaya a kan daɓe mai tauri tana iya karya shi. Ƙarfe marar tsatsa ba shi da wani rufi da zai ɓare, abin da ke waje shi ne a ciki.

Abin da yake hana shi tsatsa shi ne kuromiyam da aka narkar a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda yake haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, kuma ko an karce ta takan sake haɗewa da kanta. Harry Brearley ne ake danganta wa gano irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913, kuma a birnin ne kamfanin Edwin Jagger yake, wanda ya sanya wa gidansa na ƙarfe marar tsatsa suna 3ONE6 saboda lambar ƙarfen da aka yi shi da shi.

Lambobi uku za ka fi cin karo da su. Lamba 304 tana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kimanin kashi 8. Lamba 303 kusan haka take, sai dai an ƙara mata farar wuta domin ta yi sauƙin sassaƙa a inji, abin da ya ɗan rage mata juriyar tsatsa. Lamba 316 kuma an ƙara mata wani sinadari mai suna molibdinam, kashi 2 zuwa 3, wanda yake ba ta ƙarfin jure gishiri, harafin L da ake gani a 316L kuwa yana nufin an rage mata kabon. A kan takarda 316L ta fi, amma ga abin da ake wankewa a shanya bayan kowane aski, bambancin bai kai a bar gidan da ya dace da fuska saboda shi ba. Abin da nake ba da shawara a kai shi ne ka nemi mai ƙerawa ya faɗi lambar ƙarara, kuma ka duba ko kan da mariƙin duka na ƙarfen ne, domin akwai gidajen da mariƙinsu kaɗai ne marar tsatsa, kan kuma na tutiya ne. Gwajin maganaɗisu ba abin dogaro ba ne a nan, tunda maganaɗisu ba ya cika kama waɗannan ƙarafa, kuma shi ma zamak ba ya kama shi.

Hanyar ƙira ma tana da nata tasirin. Wasu gidajen ana sassaƙo su ne daga dunƙulen ƙarfe da injin da kwamfuta take sarrafawa, kamar RazoRock Game Changer da Blackland Blackbird, wasu kuma ana cusa garin ƙarfe ne a mazubi a gasa shi har ya haɗe, kamar Rockwell 6S. Sassaƙaƙƙu sun fi daidaiton awo da tsaftar gefuna, amma na mazubi ma idan an yi shi da kyau babu abin da zai hana shi yin aiki na shekaru masu yawa.

Mataki na uku: ka fahimci ƙirar kai

A nan ne ainihin kwatancen yake, don haka zan ɗan tsawaita. Kan gidan reza yana da sassa biyu, murfi a sama da faranti a ƙasa, rezar kuma tana matse a tsakaninsu, ta ɗan lanƙwashe. A gefen farantin akwai shinge, wanda shi ne yake fara taɓa fata ya shimfiɗa ta kafin kaifi ya iso.

Awo na farko shi ne tazara, wato sararin da ke tsakanin bakin reza da shingen. A yawancin gidaje ba ta kai milimita ɗaya ba. Idan ta yi faɗi, fata da gashi suna samun wurin shiga sosai, kumfa da yankakken gashi kuma suna wucewa ba tare da toshewa ba, sai askin ya yi saurin ci. Masu ƙira suna son buga wannan lamba saboda tana da sauƙin fahimta, har wasu suna sanya ta a sunan farantin, kamar Game Changer mai milimita 0.68 da mai 0.84.

Awo na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, shi ne leƙowar kaifi. Ka ɗauka an ɗora miƙaƙƙen abu ya taɓa murfi da shinge a lokaci ɗaya, kamar yadda fata take taɓa su. Idan bakin rezar ya wuce wannan layi, kaifin ya leƙo, kuma za ka ji shi a fata sarai. Idan ya tsaya daidai da layin ko ya noƙe bayansa, askin zai yi laushi, amma sai ka riƙe gidan a daidai kusurwarsa kafin ya ci. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Blackbird, wanda tazararsa milimita 0.58 ce, wato ƙasa da ta ƙaramin farantin Game Changer, amma ya fi shi zafin ci nesa ba kusa ba saboda kaifinsa ya leƙo sosai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Feather AS-D2 na Japan, wanda ya yi suna wajen laushi, har masu gashi mai kauri sukan haɗa shi da reza mafi kaifi kafin ya gamsar da su. Saboda haka lambar tazara tana da amfani idan ana kwatanta faranti biyu na gida ɗaya, amma tana iya ɓatar da mutum idan ya ɗauke ta ya kwatanta gidajen kamfanoni daban-daban.

Abu na uku ba a cika buga shi da lamba ba, shi ne yadda gidan yake matse reza. Kaurin reza kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, don haka idan murfi da faranti ba su kama ta kusa da bakinta ba, takan yi rawa idan ta ci karo da gashi mai tauri, kuma wannan rawar ce take jawo ƙananan yanka da raɗaɗi a haɓa. Ka saka reza, ka ɗaure, ka kalli kan ta gefe a wuri mai haske. Ka duba nisan da ke tsakanin inda ƙarfe ya daina tallafa mata da bakinta, sannan ka duba ko kaifin ya fito daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kuma ko ya yi layi ɗaya da shingen daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gidan da sai ka gyara zaman rezar da yatsa a duk lokacin da ka saka ta bai cancanci a kira shi mai kyawun ƙira ba, ko da wane irin ƙarfe aka yi shi.

Shingen kansa iri biyu ne, akwai miƙaƙƙe akwai mai haƙora kamar mataji. Mai haƙoran yana barin dogon gashi ya shiga ba tare da ya kwantar da shi ba, don haka ya dace da wanda yake daɗewa bai yi aski ba. An saba cewa mai haƙora ya fi zafi, wataƙila saboda Mühle R41 da ya shahara da hakan, amma zafin daga leƙowar kaifi yake zuwa, kuma akwai masu haƙora masu laushi. Ka kuma lura da kaurin kan, domin kai mai tudu yana wahalar shiga ƙarƙashin hanci, yana kuma ɓoye wa mai gyaran gefen gemu ko saje inda kaifin yake sauka.

Mataki na huɗu: nauyi da mariƙi

Ƙarfe marar tsatsa ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, kuma gidajen da aka yi da shi sukan kai giram 90 zuwa sama da 110. Nauyin yana taimakawa, domin shi ne yake yin aikin da hannu zai so ya yi ta hanyar dannawa, amma wanda ya saba da abin askin roba marar nauyi sai ya koya wa hannunsa sassauci. Mariƙin ya kasance mai zane mai kaushi wanda ba zai zame a jiƙaƙƙen hannu mai sabulu ba, gajere kuma ya fi sauƙin juyawa a fuska, dogo ya fi dacewa da askin kai. Yawancin gidaje masu sassa uku, wato murfi da faranti da mariƙi, sukurunsu awo ɗaya ne, don haka ana iya sauya mariƙi daga baya.

Mataki na biyar: tsayayyen kai ko mai sauyawa

Wanda bai san irin cin da fatarsa take ɗauka ba, na fi son ya fara da gida mai sauyawa. Rockwell 6S yana zuwa da faranti uku, kowanne ana juya shi ta fuska biyu, sai ya ba da matakai shida daga tazarar milimita 0.20 zuwa 0.79, wato gida ɗaya ya isa mutum ya gano inda ya dace da shi. Aibinsa shi ne kan yana da ɗan kauri, kuma sai an kwance shi kafin a sauya mataki. Rex Ambassador kuwa murɗawa kawai ake yi a ƙarƙashin kan, ana iya ƙara tazarar a kunci a rage ta a wuya cikin aski ɗaya, sai dai sassan da suke motsi suna tara sabulu kuma suna buƙatar wanki na musamman. Wanda ya riga ya san abin da yake so zai fi jin daɗin tsayayyen kai, saboda ya fi siranta, ya fi sauƙin tsaftacewa, kuma babu abin da zai lalace a cikinsa.

Mataki na shida: gwajin kansa

Ƙa'idar gwaji ita ce a sauya abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya. Ka zaɓi reza iri ɗaya mai matsakaicin kaifi, kamar Astra, da sabulu ɗaya, da tsawon gashi iri ɗaya, ka riƙe su har ƙarshen kwatancen. Idan ka sauya gida da reza a rana ɗaya, ba za ka san wanda ya jawo daɗi ko zafi ba.

Ka jiƙa fuskar da ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku, domin gashin da ya sha ruwa ya fi busasshe sauƙin yankuwa ƙwarai, sannan ka shafa kumfa mai danshi da santsi, ba mai tudu busasshiya ba. Ka ɗora murfin gidan a kunci, mariƙin yana miƙe daga fuska, sai ka sauke mariƙin a hankali kana ja har ka ji kaifin ya fara kama gashi. Yawanci wannan yana faruwa ne idan rezar ta yi kusurwar kimanin digiri 30 da fata, amma kowane gida yana da tasa, kuma kunne yana taimakawa, domin akwai wata ƙaramar ƙara da gashi yake yi idan yana yankuwa. Ka yi gajerun ja, kada ka danna, kuma kada ka bi wurin da babu kumfa.

Zagaye na farko ya bi kwanciyar gashi. Ka ɗauraye, ka sake kumfa, na biyu ya ratsa ta gicciye. Na uku, wanda yake saɓa wa kwanciyar gashi, ka bar shi har sai hannunka ya saba da gidan, mai ƙurajen aski kuwa ya bar shi gaba ɗaya, musamman a wuya.

Idan gidaje biyu ne a hannunka, ka aske kuncin dama da ɗaya, na hagu da ɗayan, a aski na gaba kuma ka musanya, saboda kusan kowa yana da ɓangaren da hannunsa ya fi ƙwarewa a kai. Ka ba kowane gida aƙalla aski biyar zuwa bakwai kafin ka yanke hukunci, domin askin farko da sabon gida yawanci hannu ne yake neman kusurwa.

Bayan kowane aski ka ɗauraye da ruwan sanyi ka goga jiƙaƙƙen alif a fuska. Duk inda ya yi raɗaɗi, nan ne kaifi ya ci fata fiye da kima, kuma idan wurin bai sauya ba daga aski zuwa aski, to ko dai kana dannawa a nan ko kuma ba ka gane kwanciyar gashin wurin ba. Ka rubuta abubuwa huɗu: yawan zagayen da ka yi kafin ka gamsu, wuraren da suka yi zafi, yadda fuskar take bayan awa goma sha biyu, da abin da ya fito a wuya bayan kwana biyu. Na ƙarshen nan shi ne ya fi faɗin gaskiya, domin ƙurajen aski ba sa bayyana a ranar da aka yi askin.

Mataki na bakwai: karanta sakamako da kula da gidan

Idan bayan zagaye biyu gashi yana nan kuma babu zafi, gidan ya yi maka sanyi, amma kafin ka sauya shi ka gwada reza mafi kaifi kamar Feather, domin sau da yawa wannan kaɗai yana warware matsalar. Idan askin ya yi santsi amma alif yana cizo ko'ina, ka sauka mataki ɗaya a faranti, ko ka karkata gidan ya fi jingina a kan murfi. Idan kuwa kana jin ana fizgar gashin, ka fara zargin rezar, wadda yawanci takan dushe bayan aski uku zuwa bakwai gwargwadon kaurin gashi, sannan ka zargi jiƙon da ka yi.

Da zarar ka tsayar da gida, kulawarsa ba ta da wahala. Bayan aski ka sassauta mariƙin, ka ɗauraye kan, ka karkaɗe ruwan, ka ajiye shi inda iska take ratsawa. Jan tabon da wani lokaci ake gani a cikin murfi yawanci daga rezar da aka bari a jiƙe yake, kuma tsohon buroshin haƙori da sabulun wanke kwanuka suna fitar da shi. Ka nisanta shi da sinadarin bilic, domin kulorin da ke cikinsa yana cin fatar nan da take kare ƙarfen, kuma kada ka goge shi da soson ƙarfe. Lokaci zuwa lokaci ka ɗiga ɗigon mai a haƙoran sukurun, saboda ƙarfe marar tsatsa idan yana gugar ɗan'uwansa a bushe yakan cije, kuma wajen ɗaurewa ka tsaya da zarar ka ji rezar ta kamu.